Dokar ilimi kyauta ba ta faɗi wanda zai sayi alli ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka, a matsayina na malamin firamare, in sa baki a muhawarar da ke tasowa duk ƙarshen shekara idan gwamnoni suka kai kasafin kuɗi gaban majalisun dokokin jihohi. Kowace shekara cacar bakin ɗaya ce: kashi nawa aka ware wa ilimi? Magoya bayan gwamnati su yi ta guɗa, 'yan adawa su ce an yi kaɗan, a yi mako guda ana musu a rediyo, sannan a watse. Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta kamata 'yan majalisa su amsa ita ce, cikin wannan kuɗi nawa ne doka ta tilasta a danƙa wa makaranta a hannunta domin ta gudanar da harkokinta na yau da kullum? A mafi yawan jihohinmu amsar ita ce babu ko kwabo da doka ta ƙayyade.

Bari mu fara kawar da wata magana da ta zama ruwan dare, wai hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ce a ba ilimi kashi 26 cikin 100 na kasafin kuɗi. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Jihar Kano ta ware kusan kashi 30 a kasafin 2024, ta kuma ce 31 a na 2025, bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Wannan ya zarce ma'aunin, kuma ba wanda zai raina shi. Sai dai kaso a takarda tukunya ce mai hannu da yawa. A cikinsa akwai jami'o'in jiha, akwai kwalejojin ilimi da na fasaha, akwai tallafin karatu na gida da na waje, akwai ciyar da ɗaliban makarantun kwana, akwai kuɗin jarrabawar kammala sakandare, akwai ma'aikatar kanta da motocinta. Sannan abin da majalisa ta amince da shi daban, abin da aka saki daban. Jihohi yanzu suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku. Wanda ke son gaskiya ya buɗe na wata ukun ƙarshe, ya duba layin manyan ayyuka na hukumar ilimin bai-ɗaya, ya kwatanta abin da aka rubuta da abin da ya fita.

Mu koma ga doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ita ce uwa. Sashe na 2 ya ce wajibi ne kowace gwamnati ta samar da ilimi kyauta kuma dole daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Ya kuma ce uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, daga nan tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Sashe na 3 ya ce duk wanda ya karɓi kuɗi daga ɗalibi a makarantar gwamnati a ci shi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku. A sashe na 15 aka jera abubuwan da za a bayar kyauta: littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da abincin rana. Jihohi suka bi sawu da nasu dokokin, domin dokar ta tarayya ta bar wa majalisar kowace jiha ta tsara hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi. Kano ma ta ƙara da dokarta ta ilimi kyauta kuma dole a 2020, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje.

To ga inda gizo ke saƙar. Doka ta hana hedimasta karɓar kuɗi, har ta tanadar masa gidan yari, amma ba ta faɗi inda zai samo kuɗin alli ba.

Mu ɗauki misalin makaranta mai ɗalibai 1,200, irin wadda ba ta da wuyar samu a unguwannin Kano ko Zariya ko Katsina. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, wato tana buƙatar malamai 35 da azuzuwa 35. Shekarar karatu zango uku ce, kowanne kimanin mako 13, kwana 195 ke nan. Idan kowane aji ya ci sandar alli huɗu a rana, a shekara an haura sanda 27,000. Idan kowane yaro zai rubuta jarrabawar darussa takwas a ƙarshen zango, kowane darasi falle ɗaya kacal, a shekara falle 28,800 ne, wato rim 58 na takarda, ban da kuɗin bugawa. Ƙara da rajistar kiran suna ta kowane aji, da littafin tsara darasi na kowane malami, da katin sakamako 1,200, da fentin allo aƙalla sau biyu a shekara, da tsintsiya da bokiti da buta, da kwasar masai idan ya cika, da gyaran famfon tuƙa-tuƙa idan robarsa ta cinye, da kwaɗo da ƙusa, da ɗan akwatin magani. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya isa a kira shi kwangila, shi ya sa ba wanda ke tunawa da su a majalisa. Amma idan aka rasa su makaranta ta tsaya.

Abin da ke faruwa sananne ne. Ko dai a fake da ƙungiyar iyaye da malamai a aza wa yara kuɗin jarrabawa da kuɗin tsintsiya, wanda doka ta hana, ko malami ya zaro daga aljihunsa, ko a rubuta tambayoyin jarrabawa a kan allo, yara su yago takarda daga littafinsu su amsa. Allon kuwa idan ya koɗe, sai a fasa tsohon batir a kwaɓa baƙinsa da ruwa a shafe shi, ko a daka gawayi, bayan mako biyu ya koma fari-fari, na bayan aji ba sa ganin komai. Duk ranar da wani uba ya kai ƙara cewa an karɓi naira ɗari, hedimasta ne za a dakatar, kuma ba za a tambayi wanda ya kamata ya aiko da kuɗin ba.

Wani zai ce ai akwai kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. Akwai, kuma yana da kyau a san yadda yake tafiya. Sashe na 11 na dokar 2004 ya ware wa ilimin bai-ɗaya aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana amfani da shi, rabin wannan kuɗi shi ne tallafin da sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa kafin ta karɓa. Kashi 15 na kayan koyarwa ne, 14 na cike giɓin ilimi tsakanin yankuna, 10 na horar da malamai, 5 na ladan jihar da ta yi ƙoƙari, 2 na masu buƙata ta musamman, ragowar 4 na gudanarwa da sa ido. Rabon kowace jiha daga wancan rabin ya kai kimanin naira biliyan 1.39 a 2023, ya tashi zuwa kimanin biliyan 3.55 a 2024. Matakan karɓa kuwa: jiha ta zuba nata kason a asusu na musamman, SUBEB ta rubuta tsarin ayyukan da za a yi, UBEC ta tantance ta amince, jiha ta nuna yadda ta kashe na baya, sannan a saki kuɗi a ba da kwangila. A mataki na farko ake maƙalewa, domin doka ba ta tilasta wa gwamna ya ajiye kasonsa ba, ta dai ce in bai ajiye ba ba zai karɓa ba. Haka kuɗi ke taruwa a Abuja shekara da shekaru, har a 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta cire kason jihohin da suka yi jinkiri daga kuɗin rarar bashin Paris Club da za a mayar musu. Jinkirin nan ba ƙaramar asara ba ce, don kuɗin da zai gina aji goma a bana ba zai gina bakwai ba bayan shekara biyu idan siminti da rodi suka tashi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wannan rabo daidai wa daida ne. Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Jihar Bayelsa mai takwas, kuɗi ɗaya suke karɓa. 'Yan majalisar tarayya na Arewa da ke goyon bayan a ɗaga kashi 2 ɗin nan ya kamata su haɗa da batun a riƙa la'akari da yawan ɗalibai. Amma ko an gyara wannan, kuɗin na gini ne da kujeru da makamantansu. Ba ya biyan albashi, ba ya kuma sayen alli a tsakiyar zango.

Ginin ma, rashin kuɗin gyara ne ke cinye shi. Ajin da aka gina bisa ƙa'ida mita 7 ne a kan mita 8. Idan aka cusa yara 120 a ciki, kowane yaro bai samu rabin murabba'in mita ba, benci mai cin mutum uku ya ɗauki biyar, ƙafarsa ta saki cikin zango guda. Bencin da ƙusa huɗu da kafinta na rabin yini za su ceto, sai a jingine shi a bayan aji, gobe a ƙara wani a kai, kafin shekara ta zagayo ya zama itacen girki. Rufi kuma, iskar farkon damina ce ke gwada shi. Inda ɗan kwangila ya sa kwano marar kauri, ya bar katako ba a shafa masa maganin gara ba, bai kuma ɗaure shi da ƙarfe a jikin bimin ba, iska kan fara ɗaga falle ɗaya ko biyu a kusurwa. A wannan rana gyaran bai fi aikin yini ɗaya ba. Idan hedimasta ba shi da kuɗi sai ya rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi, shi kuma ya tura gaba, kafin amsa ta dawo ruwa ya jiƙa silin ya rufto, iska ta biyu ta kwashe rufin gaba ɗaya, yaran ajin a raba su a sauran azuzuwan da dama sun cika. Bayan shekara uku sai ka ga makarantar a cikin jerin manyan gyare-gyare na miliyoyin naira, da allon sanarwa a bakin ƙofa.

Maganin ba sabon abu ba ne, wasu ƙasashen Afirka sun riga mu. Da Kenya ta soke kuɗin firamare a 2003, ta yanka wa kowane yaro shilin 1,020 a shekara, ana zubawa kai tsaye a asusun makaranta, an raba gida biyu, na kayan koyarwa da na hidimomin yau da kullum. Gana ta fara irin wannan tallafi na kowane ɗalibi a duk faɗin ƙasar a 2005. Su ma suna kukan kuɗin ya yi kaɗan kuma yana makara, amma aƙalla akwai adadin da hedimasta zai tsaya a kai ya ce ana bin sa bashi. Darasin Uganda ya fi kowanne amfani gare mu. Binciken da aka yi kan shekarun 1991 zuwa 1995 ya gano cewa kashi 13 cikin 100 ne kawai na irin wannan tallafi ke isa makarantu, sauran yana narkewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga abin da ta saki a jaridu kowane wata, ta umarci makarantu su manna nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80.

Saboda haka abin da nake roƙon majalisun jihohinmu shi ne su yi wa dokokin ilimi kyauta gyara, su sa sashe guda da zai yanka wa kowane ɗalibi kuɗin gudanarwa. A ce misali naira 1,000 a kowane zango. Makarantarmu mai yara 1,200 za ta samu naira miliyan 1.2 a zango. Jiha mai ɗalibai miliyan uku za ta kashe biliyan 9 a shekara, abin da bai kai kuɗin gadar sama guda ba. Amma rubuta adadi kaɗai ba zai wadatar ba, sai sashen ya toshe ƙofofin da aka san ɓaraka na shigowa. Ya faɗi ranar biya, a ce mako biyu kafin a buɗe makaranta, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ya zo a mako na goma bai tsinana wa zangon komai ba. Ya ce kuɗin zai tashi daga baitulmalin jiha zuwa asusun makaranta kai tsaye, ba tare da ya yada zango a wani ofis ba. Masu sa hannu su zama biyu, hedimasta da shugaban kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wanda aka fi sani da SBMC. Waɗannan kwamitoci ba baƙi ba ne a wannan aiki, domin ta hannunsu ake bi da tallafin gyaran makarantu a shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno ke cikin jihohin da suka fara shi. Matsalar ita ce wancan rance ne mai wa'adi, ranar da ya ƙare asusun ya bushe.

Sashen ya kuma jera abin da aka halatta a saya da abin da aka hana. A hana biyan alawus, a hana hidimar tarbar baƙi, a hana kai wa wani ofis gudummawa, domin da zarar an ji kuɗi ya sauka za a fara aiko da takardun neman kason wasanni da kason taro. A tilasta manna takardar shiga da fitar kuɗi a jikin bangon ofishin hedimasta, da Hausa, inda kowane uba zai karanta. Makarantar da ba ta kawo rasidan zangon baya ba a tsayar da nata ita kaɗai, kada a hukunta ƙaramar hukuma sukutum saboda mutum ɗaya. A sa ƙaramin adadi na tushe da kowace makaranta za ta samu komai ƙanƙantarta, don makarantar ƙauye ko ta makiyaya mai yara 60 ita ma rufinta ɗaya ne da na birni. A kuma ce za a sake duba adadin duk bayan shekara biyu. Wanda ya ga abin da tarar naira 2,000 ta 2004 ta zama a yau ya san dalili.

Babban haɗarin tsarin shi ne ɗaliban bogi. Muddin kuɗi ya rataya a kan yawan yara, rajista za ta fara kumbura. Kada a dogara da alƙaluman da aka cike a ofis. A yi amfani da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, sannan jami'an duba makarantu su riƙa kai ziyarar ba-zata suna ƙirga kai a aji, a ranar da ba ta kasuwar garin ba, ba kuma lokacin girbi ba, su kwatanta da rajistar kiran suna ta mako huɗu da suka gabata. Inda bambancin ya yi yawa a biya bisa waɗanda ke zuwa.

Ba zan rufe ba sai na taɓo albashi, don shi ne rabin muhawarar da ake yi a ɗakin malamai. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin firamare, kuma a mafi yawan jihohi daga kasonsu ake cire albashin malamai a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi kafin a raba saura. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Malamai ba sa adawa da 'yancin ƙananan hukumomi, amma tsofaffin cikinmu ba su manta ba. An kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa albashi ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba biya, yajin aiki ya game ƙasa, dole aka dawo da hukumar a 1993. Ko a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki, daga Maris zuwa Yuli, kan sabon mafi ƙarancin albashi da ƙananan hukumomin birnin ba su aiwatar ba.

Lissafin a fili yake. Malamai 35 a kan naira 71,000 a wata, mafi ƙarancin albashi a Kano, naira miliyan 29.8 ne a shekara ga makaranta ɗaya, alhali mai takardar shaidar malanta ta NCE da ya yi shekaru yana aiki ya wuce wannan mataki. Ƙaramar hukumar cikin birni mai makarantu cunkus za ta iya ganin albashin malamai ya lashe kasonta, ta ƙauye mai malamai kaɗan ta samu rara, sai ta ga gara kada ta ɗauki sababbi. Ga kuma dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 ko shekara 40 ta aiki. Jihar da ta karɓe ta za ta riƙe manyan malamai masu albashi mai nauyi ƙarin shekara biyar, kuma in ba a yi tanadi ba kuɗin ɗaukar matasa ne zai tafi a nan. Dokar jiha ya kamata ta fayyace cewa albashin malamin firamare shi ne farkon abin da za a cire, ta faɗi wanda zai cike giɓi idan kason ƙaramar hukuma bai kai ba, ta kuma tilasta maye gurbin duk malamin da ya yi ritaya ko ya rasu a cikin zango guda.

Kwamitocin ilimi na majalisun jihohi kan kira taron jin ra'ayin jama'a kafin a zartar da kasafi. Ina roƙonsu a wannan karon, ban da kwamishina da shugaban SUBEB da shugabannin ƙungiyar malamai, su gayyato hedimastoci goma, biyar daga birni biyar daga karkara, kowanne ya zo da littafin da yake rubuta abin da ya kashe a zangon da ya wuce da inda ya samo kuɗin.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani malamin firamare,
Kano.